Bargon Ƙyallaye da Yawon Arba'in a Doha

Tun ranar da na dawo labulen ɗakina bai huta ba. Wannan ta shigo ta ce, "Inna Hajo, ba mu labarin Ƙatar," in fara, ina tsaka da bayani wata ta yi sallama, a ce in koma farko. Shekaranjiya Talatu mai ƙosai ta sa na maimaita labarin kanwa sau uku har tuwona ya kama. To ga shi na zauna na rubuta da ɗan bokon da na samu a ajin manya. Wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in samu in huta da bakina.

Kun san ni, daga gidana sai islamiyya sai gidan biki, Kano ma sai da babban dalili. Abin da ya fitar da ni daga Malumfashi shi ne yarinyar nan da aka kai Doha ta sauka, an samu namiji. Haihuwar fari a gida ake yi, amma likita ya hana ta hawa jirgi. Ƙanwata Lami ce ya kamata ta je wankan, don ni 'yar fari ce a wurina, ban taɓa kiran sunanta ba balle in zauna mata jego. Sai hawan jini ya kwantar da Lami, kowa ya juyo yana kallona. Sunan dai ba za ku gan shi a takardar nan ba. Mai jego zan riƙa cewa.

Daga Kano muka tashi. Abin da zan ce muku game da jirgi shi ne, in kun shiga banɗakinsa ku riƙe zanenku da kyau kafin ku danna maɓallin ruwa, don ƙarar da ya yi na ɗauka har ni zai zuƙe. Allah ya haɗa ni kujera da wani mutumin Daura, Malam Sani, mai gadi ne a can yana komawa daga hutu. Shi ya ɗaure mini bel, shi ya buɗe mini ɗan abincin nan da suke kawowa kamar na 'yar tsana. Ya ce, "Hajiya, kalma biyu za ki riƙe. In an ce yalla, ki yi sauri. In an ce halas, magana ta ƙare, kada ki ƙara."

Filin jirgin Doha gari ne guda, ƙasa tana ƙyalli har ina ɗaga ƙafa kada in taka ruwa, alhali babu ruwan. Aka duba fasfo, aka ce in kalli wata na'ura ta ɗauki idona. Sai wurin kaya wani jami'i mai farar riga ya ce a buɗe jakata. Daddawa ce ta fara gaishe shi, ya ja da baya. Ya ɗaga kuka, ya ɗaga yajin jego, ya ɗaga busasshen ganyen darbejiya, duk ya ajiye. Da ya zo kan ƙullin kanwa sai fuskarsa ta canja, ya kira wani, wancan ma ya kira wani. Malam Sani yana ta Larabci yana gumi. Ni da na ga abin zai yi nisa sai na ɓalli kanwar na jefa a baki, na nuna cikina, na yi musu alamar goyo. Babban cikinsu ya ɗanɗana a kan harshe, ya yamutsa fuska kamar an mare shi, ya ce, "Halas, halas, yalla!" Na ce wa Malam Sani, "Ka ga duka biyun sun zo mini lokaci guda."

Surukina ya tarye ni, ya durƙusa har ƙasa a gaban jama'a. A ɗakin gwajin jini na wani asibiti yake aiki. Unguwarsu Ain Khalid, gida ne babba aka yanyanka shi kashi shida, kowa da ƙofarsa: 'yan Indiya, 'yan Filifin, wani Bamisire da iyalinsa. Wuta ba ta ɗaukewa, ko sau ɗaya. Na zo da tunanin inda zan samu itace da garwar dafa ruwan wanka, sai na tarar cewa da rana ruwan famfo da kansa yake fitowa da zafinsa kamar an sauke daga murhu. Darbejiyar da na sha wahalar ɗaukowa kuwa, ga ta nan a bakin titinsu, kore shar, ba mai kula ta. Abincin ƙasar na ci na yaba, musamman wata shinkafa da naman rago da suke jefa wa busasshen lemun tsami, da wani shayi mai kauri da suke kira karak. Jikan nawa kuma, angona, ƙato ne mai kumatu, ya fito da hancin gidanmu.

Abu ɗaya ne ya hana ni sakewa: shiru. Ranar suna na tashi na dama kunun kanwa babbar tukunya, na buɗe ƙofa na tokare ta da kujera yadda masu barka za su shigo. Abokan aikin surukina su huɗu suka zo aka yi addu'a suka koma aiki. Mace ko ɗaya. Maƙwabciyarmu 'yar Indiya ta wuce, ta yi mini murmushi, ta nuna mini da hannu in rufe ƙofa sanyin esi yana fita. Kwana uku muna shan kunun nan.

Mai jego kuwa ba ita ba ce. Yarinyar da a gida sai an ce ta yi shiru, yanzu sai ta wuni ba ta yi magana goma ba. Mijin yana fita aiki ta zauna ta tasa taga a gaba. Wata rana da hantsi na fito daga wanki na same ta tana shayarwa, hawaye yana ɗiga a kan yaron. Da Lami ce da ta rungume ta. Ni tsayawa na yi da bokiti a hannu na ce, "Ke, kunun zai huce."

Ta ce, "Inna, in na yi arba'in gidan wa zan je?"

A gida mai jego tana cika arba'in za ta ci ado ta bi dangi gida-gida ana ɗaukar yaro ana sa albarka. Nan shekararta biyu, ba ta da ƙofa ɗaya da za ta ƙwanƙwasa. Ni kuma bizata tana ƙarewa jim kaɗan bayan arba'in ɗin. Daga ranar abin ya tsaya mini a rai: hannun wa zan bar ta?

Ni da ba na son fita, na fara bin surukina kasuwar kayan miya ta Abu Hamur ina buɗe kunne. A wurin masu kuɓewa na ji wata ƙatuwar mata tana faɗa a waya, Hausa ce amma kamar an juya ta a turmi. Na yi mata sallama. Ta waigo ta ce, "Mma! Kai daga wane gari?" Na duba bayana in ga namijin da take nufi. Ashe 'yar Zangon Kumasi ce, su mace da namiji duk kai ne. Sunanta Adiza, tana kula da yara a wata makaranta. Zan rubuta maganarta da irin Hausarmu don kada ku ruɗe.

Idonta ya sauka a kan jakar hannuna da nake ɓoyewa a cikin hijabi. Kun san ƙyallayen da nake kwasowa a shagon Malam Iro tela ina harhaɗawa, in yi shimfiɗar yara da jaka, in baƙi sun zo in tura ƙarƙashin gado kada a ce gidan Hajo an koma faci. Adiza ta fizge jakar tana juyawa. "Da hannu kika yi wannan? Mma, ranar Asabar ki shirya, zan kai ki ki ga 'yan'uwanki."

Baje kolin barguna ta ce mini, na ɗauka zan tarar da su a ninke a kan tebur ana ciniki. Da muka shiga zauren sai na tsaya cak. Jama'a, ƙyallaye ne, irin waɗanda muke sharewa da tsintsiya, an rataye su daga sama har ƙasa, kowanne da fitilarsa tana haska shi kamar amarya. Mutane suna tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa. Na farko da na gani teku ne da jiragen ruwa na katako. Daga nesa na rantse ruwan yana motsi. Da na matsa sai na ga shuɗin yadi ne kala-kala, wani bai fi farcen babban yatsana ba, an jera su ɗaya bayan ɗaya daga mai duhu zuwa mai haske. Wani kuma taurari ne cikin taurari, in ka kalle shi da yawa jiri ya ɗebe ka. Adiza ta ce hawa uku ne kowanne: ƙyallaye a sama, auduga a tsakiya, yadi guda a ƙasa, sannan a bi da allura a ɗinke su gaba ɗaya da zane-zane. Wani shekara biyu mai shi ta yi tana yi.

Wace mace ce a cikinku za ta ga yadi ba ta murza shi ba? Na kai hannu na murza, na ɗaga in ga bayan ɗinkin. Sai ga wata Baturiya mai furfura ta taho da sauri, hannunta cikin farar safa. Na ce shi ke nan, an kore mu. Sai ta yi dariya, ta ɗaga mini bargon da kanta da safar, ta nuna mini bayan. Wallahi bayan ya fi gaban wasu kayan sallarmu tsafta, ko bakin zare ɗaya babu. Sunanta Madam Suzan, ita ce uwar ƙungiyar masu ɗinkin.

Akwai wanda aka yi da rigunan wani mutum da ya rasu, matarsa ta yayyanka ta haɗa, ga aljihu ga maɓallai duk a jiki. Mu kayan mamaci rabawa muke yi ko a bayar sadaka. Na rasa abin da ake yi a gaban irin wannan, sai na yi masa addu'a. Can ƙarshen zaure kuma na yi karo da atamfa zalla, har da irin wadda muka yi anko a bikin 'yar Lami. Na ce, "Adiza, wannan na wace ce?" Ta buga ƙirji. An maƙala masa wani jan ƙyalle mai fure, wai ya ci na biyu. Na tuna nawa da ke ƙarƙashin gado, na ji ƙwalla ta cika mini ido.

Ranar Talata da safe suke haɗuwa a gidan Madam Suzan a Al Gharrafa, Adiza ta nemi izini a wurin aiki ta kai ni. Mata sun kai goma sha biyar, kowace da ƙasarta, tebur cike da kekunan ɗinki, wani teburin cike da abinci, don kowa da abin da take kawowa. Wata Balarabiya ta zuba mini gahawa a ɗan kofi kamar murfin kwalba. Ina shanyewa ta ƙara, ina shanyewa ta ƙara. Sai a na bakwai Adiza ta raɗa mini in girgiza kofin in na ƙoshi.

Abin da ya ɗaure mini kai, ba ragowar tela suke amfani da shi ba. Yadi sabo fil za su sayo, su shimfiɗa, su ɗora rula, su bi shi da wata wuƙa mai kama da ƙaramar taya su yi gunduwa-gunduwa da shi, sannan su zauna su sake haɗawa. Na ce wa Adiza, "A garinmu wadda ta yi haka ruƙiyya za a yi mata." Ta fassara, suka kwashe da dariya.

Aka ba ni ƙyallaye tara in haɗa murabba'i ɗaya. Na ture rular, na auna da gaɓar yatsa yadda na saba, na ɗinka da hannu kafin masu keke su gama sa zare. Madam Suzan ta yaba ƙanƙantar ɗinkin, sannan ta ɗora rularta. Nawa ya fi na kowa da kaurin tsinken tsintsiya biyu. Ta ce in ya fi da haka ba zai zauna da na sauran ba, sai a warware. Ni Hajo, a warware mini ɗinki! Wata tsohuwa 'yar Pakistan da suke kira Bibi ta jawo ni gefenta, ta nuna mini yatsanta, ta nuna nawa, ta kanne ido. Ashe ita ma da yatsa take awo, sai dai ta ɗiga alamar biro a jikin yatsan daidai da rular Madam. Ta ɗiga mini tawa. Ba na jin yarenta ba ta jin nawa, amma har muka tashi gwiwarmu tana haɗe.

Ana cikin haka suka tambayi abin da ya kawo ni ƙasar. Da Adiza ta ce jika aka haifa mini sai wuri ya kaure da tafi. Wai al'adarsu ce, duk wadda aka yi wa haihuwa a cikinsu kowa za ta ɗinka murabba'i ɗaya a haɗa wa jariri bargo, a bayansa a rubuta sunansa da na uwarsa. Madam Suzan ta ɗauko biro. Sunan yaro? Na ce Mu'azzam. Sunan uwarsa?

Na ja hijabi na rufe baki.

Ta sake tambaya a hankali, ta ɗauka ban ji ba. Na sunkuyar da kai. Kekuna suka tsaya ɗaya bayan ɗaya. Wata 'yar Filifin ta taso ta riƙe hannuna idonta ya kawo ruwa, ashe ta ɗauka uwar ta rasu wurin haihuwa. Adiza ta dube ni, ta dube ni, sai ta dafe kai. "Mma, 'yar fari ce? Kai! Kakata ma haka take yi, na ɗauka abin ya mutu da su." Ta juya ta yi musu bayani. Na ga bakuna suna buɗewa.

Wata Basudaniya ta yi tambaya, Adiza ta juyo da ita: "Wai shekara nawa ba ki kira sunan ba?"

Na ce, "Ashirin da shida."

"Wai to yaya ta san kina sonta?"

Na ce, "Gaya mata ni da ko Kano ba na zuwa, ga ni a nan."

Suka yi dariya, amma ni ban yi ba, don hawayen nan da ke ɗiga a kan yaro ne ya dawo mini. Ban san lokacin da bakina ya ɓalle ba. Na faɗa musu kunun da muka yi kwana uku muna sha, da tagar da take kallo, da arba'in da ke tafe ba gidan zuwa, da bizata. Adiza tana fassarawa. Na ƙare da cewa, "In suna kuke so, mai shi tana Ain Khalid. Ku tambaye ta."

Madam Suzan ta rufe biron ta ce, "To ba za mu rubuta ba sai ta zo ta faɗa da bakinta."

A gida na sha fama da mai jego. Ta ce, "Inna, me zan yi a cikin tsofaffi masu ɗinki? Ko maɓalli ban iya sawa ba." Lallashi ba na iya shi da ita, ban saba ba. Sai na ce, "Ke, mutane sun tsare ni da tambayar suna a gaban jama'a, na tsaya kamar gunki, har wata ta fara yi mini ta'aziyyarki. Ki je ki fitar da ni." Ta kalle ni, sai dariya ta ƙwace mata har yaron ya firgita. Tun da na sauka ƙasar ban ga haƙoranta ba sai ranar.

Talatar da ta biyo bayan arba'in na sa ta yi lalle, ta ɗaura sabuwar atamfa, na goya ango, muka tafi da dambun naman da na yi. Muna shiga Adiza ta rangaɗa guɗa irin ta Zango. Yaro ya bar bayana, ban sake ganinsa ba sai daga hannu zuwa hannu, Bibi tana tofa masa addu'a, Balarabiyar nan tana shafa masa turare. An jera murabba'an a jikin bango, goma sha shida, nawa a ciki ya zauna daidai da na kowa. Madam Suzan ta buɗe biro. Mai jego ta faɗi sunanta, mata suka riƙa maimaitawa kowace da irin harshenta, ni kuwa na duƙufa neman wata allura da ba ta faɗi ba. Da na ɗago na hango ta a lungu da wata yarinya 'yar Indonesiya mai goyon wata uku, suna ta zuba da Turanci, hannu yana tashi, kamar a tsakar gidanmu.

Ban ga bargon a gama ba, ana kan ɗinke hawa ukun na taho. Tafiyar tawa ta faɗo ranar Talata. Da safe na ga mai jego ta saɓa mayafi za ta raka ni filin jirgi. Na ce, "Ina za ki? Yau ba ranar ɗinki ba ce?"

"Inna, tafiya fa za ki yi."

"Jirgin ba ya tashi sai kin je? Madam Suzan tana jiran ki da rula."

Surukina ya bi da mu ta Al Gharrafa. Ta fita da yaro a kafaɗa, ta tsaya a jikin tagar motar, ni ina gyara bakin jakar da ba abin da ya same ta. Na ce, "A riƙa shan kunu." Ta ce, "To, Inna." Kafin ta kai hannu ga ƙararrawa ƙofar ta buɗe, na ji muryoyi uku ko huɗu daga ciki suna kiran sunan nan da ƙarfi. Ta amsa, ta shige.

Surukina ya ce, "Inna, mu ɗan jira ko za ta leƙo?"

Na ce, "Ba za ta leƙo ba. Ja mu je."